Daga Tipasa zuwa Unguwa Uku: Ƙasar da Ba a Komawa

A shekarar 1952, marubuci Albert Camus, Bafaranshe haifaffen Aljeriya, ya koma Tipasa, wani kufan Rumawa a bakin teku inda ya sha yawo yana saurayi. Ya tarar an kewaye wurin da waya mai ƙaya, amma duwatsun suna nan. Camus bai yarda cewa rayuwa tana da wata ma'ana da aka tanadar mata ba, saboda haka ƙasar haihuwa da hasken ranarta suka zame masa madogara. Sai dai ƙasar tana ƙarƙashin mulkin mallaka, kuma da ƙyar mai karatu zai hango masu ita na asali a cikin rubutun nasa na Tipasa.

Tambayar da ya tsallake, a titin Zariya ya kamata a yi ta: wanda kakansa ya yi noma tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku, ina zai koma?

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1910 suka kafa dokar da ta sanya filayen Arewa duka a ƙarƙashin ikon gwamna. A ido babu abin da ya sauya. Manomi ya ci gaba da shuka gero da dawa, jakuna suna yi masa jigilar taki daga birni. Iko ne ya tashi daga hannunsa ba tare da ƙara ba. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, hankalin Turawa ya tafi Nasarawa da Sabon Gari, gonakin kudu suka samu jinkiri, ba kuɓuta ba.

Jinkirin ya ƙare bayan samun 'yanci. Aka zana tsarin faɗaɗa Kano na 1963 zuwa 1983, birnin ya zama hedikwatar jiha a 1967, gine-gine suka biyo titin Zariya. Dokar filaye ta 1978 kuwa, wadda gwamnatin soja ta kafa, gado ce ta 1910, sai ɗan sauyin riga: ƙasa tana hannun gwamna, diyya kuma ta amfanin gona ce da bishiyoyi da gini, ba ta ƙasar kanta ba.

Camus ya samu duwatsun da zai tsaya a kai ya yi tunani. Jikan manomin Unguwa Uku, in ya je neman ɗorawar da ta raba gonarsu da ta maƙwabta, abin da zai tarar shi ne shaguna da hayaƙi da 'yan kamasho suna kiran fasinjan Kaduna.