Daga garmaho zuwa memori: wa ya ci kuɗin waƙa a Kaura, Shinkafi da Zurmi?

1/ Kullum sai ka ji ana cewa intanet ce ta kashe kasuwar waƙar Hausa, wai matasa sun saba da kyauta. Ni dai ban yarda ba. A Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi mutane ba su taɓa daina biyan kuɗin waƙa ba. Hannun da ke karɓa ne ya yi ta canzawa. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Mu faro daga tushe. Yankin nan namu gidan kiɗa ne. Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali ne, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Kassu Zurmi na 'yan tauri, sunan garinsu ma a jikin sunansa yake. Ka gangara Maradun ga Musa Ɗanƙwairo, ga Sa'idu Faru.

3/ Duk cikinsu ba wanda ya rayu da sayar da waƙa. Makaɗi ubangida gare shi. Ka yi waƙa, a ba ka doki, riga, damman hatsi, daga baya mota da kujerar Makka. Waƙar ba haja ba ce da ake aunawa a mudu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Jirgin ƙasa ya iso Kaura a 1929, nan layin dogo ya tsaya. Gyaɗa da auduga su tafi, kayan kanti su zo. Amma garmaho da faifansa kayan masu hali ne: sarakai, manyan ma'aikatan En'e, attajirai. Talaka ya ji makaɗi a fada, a dandali, ko a gidan biki.

5/ Rediyo ne ya fara raba muryoyin ga kowa, musamman Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962. Kamfanonin faifai kuwa, su EMI da Decca da Philips, zamansu Legas. EMI ta buga faifan Shata, gaskiya ne. Sai dai hankalinsu na Kudu, inda ake da na'urar juya faifai da wutar da za ta juya ta.

6/ Sai kaset ya shigo a shekarun 1970. Kuɗin fetur ya zo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata, alhazai na dawowa da rikoda. Abu mai cin batir, ka rataya a keke, ka kai gona. Faifai bai taɓa shiga ƙauye yadda kaset ya shiga ba.

7/ Ga kuma abin da kamfanoni ba su so: kaset ana iya ɗauka a kansa. Mai rikoda mai baki biyu ya zama kamfani shi kaɗai. Ya sayi guda, ya kwafi ɗari. Ya tare shirin rediyo ya naɗe. Ya je wurin dambe ko wasan tauri ya danna jan maɓalli.

8/ Wanda ya taɓa cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis a wancan zamani ya san rumfar mai kaset tun daga nesa, don lasifika ce ke yi masa talla. Mutanen Nijar su saya su ƙetara da shi Maraɗi. Ka ce "Ɗan Anace nike so, ta Shago", ya laluba kwali ya miƙo maka, sunan an rubuta da biro.

9/ Ka biya? Ka biya mana. Ɗan Anace ya ga ko sisi? Ina!

10/ Kuma abin da zai ba ku mamaki, yawancin makaɗan ba su ɗauke shi sata ba. Kaset ya kai sunanka inda ƙafarka ba ta je ba, gobe a aiko a ɗauke ka biki. Ubangida ma daɗi yake ji, kirarinsa na tashi a tasha. Kamfani ne kawai ke asara.

11/ Kamfanonin kuwa ba su jure ba. Kwafi ya yi yawa, naira ta karye bayan tsarin SAP na 1986, shigo da kayan aiki ya yi tsada. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 Turawan suka sayar suka tafi. EMI ta koma Ivory Music, PolyGram ta koma Premier.

12/ Wato tun kafin wani a Zurmi ya ji kalmar intanet, kamfanin faifai irin na Turai ya riga ya bar mana filin. Shi ya sa in na ga ana kwatanta mu da Amurka kai tsaye nake cewa a yi a hankali.

13/ Amma bari mu leƙa can ɗin, akwai abin dubawa. A watan Yunin 1999, watan da Mamman Shata ya rasu, wani ɗalibi a Amurka, Shawn Fanning, ya saki manhajar Napster. Kowa ya ɗauki waƙa daga kwamfutar kowa, ba ko kwabo.

14/ Kamfanoni suka garzaya kotu, Napster ta rufe a 2001. Daga 2003 har masu sauraro ɗaiɗaiku suka riƙa makawa a kotu. Bai hana komai ba. Cinikin waƙa a duniya ya yi ta zubewa tun daga 1999 har wajen 2014.

15/ Abin da ya fara tsayar da jinin ba kotu ba ce. Apple ce ta buɗe shagon iTunes a 2003: waƙa ɗaya santi 99, ba sai ka sayi albam dungurungum ba. Sai Spotify a 2008, ka biya na wata ka ji abin da kake so. A taƙaice sun sa biya ya fi sata sauƙi.

16/ Mu dawo gida. A daidai lokacin mu nan kasuwa ma tashi take yi. Fim ɗin Hausa ya kawo waƙar fiyano, daga su Sangaya abin ya zama ruwan dare. Kaset ɗin waƙoƙi kan riga fim fita, shi ne tallarsa. Cibiyar cinikin tana Kano: Ƙofar Wambai da Bata.

17/ Tsarin shi ne: furodusa ya biya mawaƙi kuɗin aiki sau ɗaya, an gama. Ɗan kasuwa ya sayi aikin ya buga. Dila ya ɗauko zuwa Gusau, daga nan Kaura, sai masu baro da masu tire su bi kasuwannin ƙauye. A sayar dubu ko dubu ɗari, na mawaƙi ba ya ƙaruwa.

18/ Da yawa ma ba a san fuskarsu ba. Jaruma na motsa baki a fim, murya ta wata ce can a situdiyo. Sai daga baya su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka riƙa fitar da albam da sunansu a faifan CD. Wannan shi ne ɗan lokacin da waƙar Hausa ta yi kama da haja ta gaske. Bai daɗe ba.

19/ Wayar salula ta zo Najeriya a 2001. Ita ba ta yi ɓarna ba da farko, kira ne da tes. Ƙaramar wayar Caina mai layi biyu, mai lasifika kamar ta masallaci, mai ramin memori, ita ce ta zo da wuƙa. Ga Bluetooth. Daga baya ga Xender.

20/ Nan aka haifi sabuwar sana'a: masu turi, 'yan dawunlodin. Tebur, tsohuwar kwamfuta, ɗan janareto, wayoyin caji birjik. A bakin tasha, a bakin kasuwa, a hanyar Poli ta Kaura. Ka miƙa memori ka ce a cika maka. Ni na biya naira hamsin, na biya ɗari, ba sau ɗaya ba.

21/ Ku lura da kyau fa. Wannan shi ne iTunes ɗinmu. Shago ne na sayar da waƙa ta dijital, mai karɓar tsabar kuɗi, mai sanin abin da kake so, har ya ce maka "akwai sabuwar Ala, in sa maka?" Ba ya buƙatar katin banki, ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar ka iya karatu.

22/ Kuma kowace rana dubban mutane na biya a irin waɗannan tebura daga Gusau har bakin iyaka. Abin da babu shi ne hanyar da ko naira biyar daga cikin hamsin ɗin za ta koma Kano wurin mai waƙar.

23/ A nan nake ganin laifin 'yan kasuwar faifai. Suna da dilolin, suna da mawaƙan, sun san kowane gari. Da sun mayar da masu turi dilolinsu tun da wuri, su ba su sabuwar waƙa da lasisi a kan kuɗin wata, da wata magana ake. Sai suka ɓata shekaru ana kame da ƙwace kwamfuta, irin abin da Amurka ta gwada ya ƙi.

24/ Kafin a farga, wanda ke sayen faifan CD ya sayar da na'urar ma. Rumfunan Ƙofar Wambai da yawa suka koma sayar da wasu kaya.

25/ Wuri ɗaya ne sayar da waƙa ta waya ya yi aiki sosai: waƙar da mai kiranka ke ji kafin ka ɗauka. A lokacin naira hamsin ne a wata, a cire daga katinka. Me ya sa ta yi aiki? Don biyan ba wahala. Amma kamfanin waya ke ɗaukar kaso mafi tsoka, ɗan tsakiya ya yanka, mawaƙi ya tashi da ƙashi.

26/ Yanzu za ku ce ai ga Boomplay tun 2015, ga Audiomack, ga YouTube, Spotify ma ta shigo Najeriya a 2021 da naira 900 a wata. Haka ne, kuma wasu na samu. Jarumar Hamisu Breaker ta nuna a 2020 cewa waƙar Hausa na iya tara miliyoyin masu kallo.

27/ Sai dai kallo daga Najeriya kuɗin tallarsa kaɗan ne in ka gwada da na Ingila. Kuma mutumin Zurmi ba ya kunna waƙa sau hamsin a kan data. Sau ɗaya zai sauke, ko a tura masa, ya ji ta shekara. Manhaja ta ƙirga ɗaya, ko ma ba ta ƙirga komai ba.

28/ A Satumbar 2021 aka katse sabis a Zamfara gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako. Makonni ba kira, ba data. Duk wata manhajar sauraro ta zama hoto a fuskar waya. Waƙar da ke cikin memori ce kaɗai ta ci gaba da tashi. Duk mai son sayar mana da waƙa ya fara lissafinsa daga nan.

29/ To mawaƙi ina ya nufa? Inda kakanninsa suke: wurin ubangida. Da sarki ne, yanzu ɗan takara ne, ko mai biki, ko hajiyar da ke son a ambaci sunanta. Waƙar a sake ta kyauta, har roƙo ake a yaɗa, don an riga an biya tun kafin a shiga situdiyo.

30/ Rarara ma da ya nemi masoya Buhari su turo naira dubu-dubu a 2020 kafin ya saki waƙa, an yi ta dariya da zagi. Ni abin da na gani shi ne mawaƙi na gwada karɓar kuɗi kai tsaye daga masu sauraro, abin da 'yan kasuwa suka kasa gina masa hanyarsa.

31/ Kada a ce ina zagin waƙar ubangida. Narambaɗa a fada ya yi Bakandamiya. Amma in mai biya ɗaya ne, abin da yake so shi za a rera. Wa zai ɗauki nauyin waƙar manomin da ya bar gonarsa a Zurmi ya koma gudun hijira? Masu son jin ta suna da yawa, hamsin-hamsin ɗinsu ce ba ta da hanyar isa.

32/ Sai maganar tsofaffin. Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, ta kuma taɓo abin da ake ɗorawa a intanet. Amma je YouTube ka rubuta Kassu Zurmi ko Ɗanƙwairo. Tashoshin mutane ne barkatai, wani da hoton da ba na makaɗin ba, wani an yanke waƙar a tsakiya don kaset ɗin da aka kwafo nan ya ƙare.

33/ Ban ga laifinsu duka ba, ba don su ba da wasu waƙoƙin sun ɓace. Amma in akwai talla a kai, akwai kuɗi, kuma waɗannan makaɗan sun bar 'ya'ya da jikoki da 'yan amshi a garuruwan nan.

34/ In akwai kwalin kaset a ɗakin baba ko kaka, don Allah kada a zubar, kada a bar shi a rana, zafi na cinye zaren. A samu mai rikoda mai lafiya a juye a kwamfuta. A rubuta sunan makaɗi, wanda aka yi wa waƙar, da garin da aka ɗauka in an sani. Mai irin wannan kaset na Kassu ko Narambaɗa ya yi mini magana a ƙasa.