Majalisar Gari a Ƙasar Arewa: Daga Fada zuwa Meri

Majalisar gari da jama'a ke zaɓa sabuwar aba ce a Tibiri da Dogondutsi na ƙasar Nijar. Kafin ta, hukunci a kan rijiya da kasuwa da fili yana hannun sarauta. Sarkin Arewa yana Matankari, Samna yana Tibiri, akwai kuma masu ƙasa irin Sarauniyar Lugu da Baura na Bagaji, waɗanda ikonsu ya fi shafar ƙasar kanta da al'adun da ke tattare da ita. Baƙon da ke neman gona ko wurin kafa gida yakan bi ta hannun mai gari. Aikin da ya shafi kowa, kamar yasar rijiya ko kashe gobarar da ta kama rumbuna, gayya ake yi masa, ba wanda ke jiran albashi.

Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙona Lugu a 1899, amma sai da Faransa da Ingila suka gyara iyakarsu a 1904 da 1906 mulkin Faransa ya zauna sosai a Dallol Mauri, yankin da waɗannan garuruwa suke. Kumandan ya zauna a Dogondutsi, aka yanka ƙasar kanton-kanton, Tibiri da Takasaba da Arewa kowanne da sarkinsa. Babban aikin da aka ɗora wa sarakunan shi ne tara lanho, wato haraji, da fitar da mutane aikin tilas. Kuɗin da aka tara sama suke tafiya, kuma ba a tambayar talaka abin da za a yi da su. Ko a manyan birane zaɓen magajin gari bai zo da wuri ba: a 1956 ne Yamai ta samu zaɓaɓɓen magajinta na farko, Djibo Bakary.

Bayan 'yancin kai, dokar 1964 ta sake fasalin ƙasar Nijar, Dogondutsi ta zama arondisma mai kasafin kuɗinta, Tibiri tana cikinta. An tanadi majalisa, sai dai a zamanin jam'iyya ɗaya maganar wakilin gwamnati ita ce magana. Juyin mulkin Seyni Kountché na 1974 ya share wannan tsari, ya dogara da samariya da ƙungiyoyin manoma. Abin lura a nan shi ne, yawancin abin da ya shafi wasa da nishaɗin matasa a garuruwan Nijar a wancan zamani ya samu gindin zama. Samariya ce ke share filin ƙwallo, ita ke buga bulo a gina aji ko gidan taro, kuma a shekarun nan ne kokawar gargajiya ta zama gasar ƙasa da ake neman takobi. Da guminsu matasa suka yi, ba da kuɗin wata majalisa ba.

Taron ƙasa na 1991 da yarjejeniyar sulhu da 'yan tawayen arewacin ƙasar ta 24 ga Afrilun 1995 su suka tayar da maganar miƙa wa jama'a mulkin garuruwansu. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairun 1999 a zamanin Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara, wanda asalinsa Dumega ne, kusa da Tibiri. Gardama ta tashi a kan sakamakon, kuma kafin a warware ta aka kashe shi ranar 9 ga Afrilu, zaɓen ya bi ruwa. Dokokin 2002 suka kafa komin, wato ƙananan hukumomi, 265 a faɗin ƙasa, aka yi zaɓe ranar 24 ga Yulin 2004. Daga nan Tibiri da Dumega da Geceme da Kore Mairuwa kowacce ta samu majalisarta da magajin garinta. A 2011, lokacin da gundumomin Nijar suka tashi daga 36 zuwa 63, aka haɗa waɗannan huɗu suka zama gundumar Tibiri, aka bar wa Dogondutsi komin shida, ciki har da Matankari.

Kafin Afrilun 2024, jama'a ke zaɓen kansaloli, su kuma su zaɓi magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Doka ta tanadi zama huɗu na yau da kullum a shekara, wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne na kasafin kuɗi. Sarkin kanton yana da kujera a zauren, yana ba da shawara amma ba ya jefa ƙuri'a, ko da yake duk wanda ya san ƙasar ya san shawarar Samna ba a ɗaukarta da wasa. Abin da majalisa ta yanke sai ya bi ta ofishin wakilin gwamnati a gunduma, a duba ko ya dace da doka.

Aljihun majalisar ne ke yanke yawancin gardama. Shekaru da dama harajin kai a karkara dala ɗari da arba'in ne, wato faran 700 ga baligi, kuma masu gari ke tara shi bayan kaka. Sai kuɗin kasuwa: ran kasuwa mai karɓa yana bin rumfa-rumfa da daurin tikiti, ya yage wa mai tumatir, ya yage wa mai kaba, ya wuce kara inda ake biyan kuɗin kowace dabba da aka sayar. Shekarar da damina ta yi gardama, haraji ba ya shiga, albashin ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, ya yi ta taruwa. An kafa hukumar ANFICT a 2008 don tallafa wa ƙananan hukumomi, a 2016 kuma gwamnati ta miƙa musu wani ɓangare na ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, amma nauyin ya riga kuɗin isowa.

Majalisar da ke da irin wannan aljihu, in aka ajiye mata famfon da ya lalace da ajin zana da kwarin da ke cin hanya, da wuya ta kai ga maganar sayen lilon yara. Yaran Arewa a dandali suke wasa, 'yan mata su yi gaɗa, maza su yi langa da kokawa a rairayi, ƙwallo kuma a filin makaranta. Inda majalisa ke taɓa wasan yara da gaske shi ne wajen yankan filaye. Duk sabuwar unguwa da aka auna akan ware mata wurin makaranta da wurin shan iska, kuma sayar da filaye na cikin hanyoyin da meri ke samun kuɗi masu kauri. An sha kuka a garuruwan Nijar cewa wurin da aka ware wa jama'a ya koma gidan wani.

Kashe gobara kuwa bai taɓa zama aikin ma'aikatan majalisa ba. Nijar ta bi tsarin da Faransa ke yi a Faris: masu kashe gobara sojoji ne, ana kiransu ta lamba 18, albashinsu da girmansu daga gwamnatin tsakiya suke. Fanshonsu ma haka. A da asusun ritaya na ƙasa ke biyan ma'aikatan gwamnati da sojoji, daga baya aka kafa CARENI ta gaje shi.  Majalisar Tibiri ba ta da hurumi a kan wannan fansho. Ritayar da ta shafe ta ita ce ta ƙananan ma'aikatanta, direba da mai gadi da mai shara, waɗanda ake zuba wa kuɗi a asusun CNSS, kuma in meri ta yi sakaci da zubin, sai ranar ajiye aiki mutum yake ganewa. Abin da doka ta bar wa magajin gari a harkar wuta shi ne rigakafi da kai ɗauki, a daji kuma shi da ma'aikatan gandun daji su sa a share hanyar tare gobara kafin ciyawa ta bushe. A ƙauyen da ke nesa da kwalta, in wuta ta tashi da iskar hunturu, maƙwabta ne ke fitowa da bokiti da ƙasa, suna yaye dannin da ke kusa don kada ta tsallaka.

An sake zaɓen majalisun a Janairun 2011 da Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomin soja suka rushe su duka a Afrilun 2024, suka naɗa wa kowace komin shugaban riƙo, da yawansu jami'an tsaro, wanda ya haɗa aikin magajin gari da na majalisa a hannunsa.