Kayan Makaranta Da Malamin Da Aka Ɗora Wa Tsaronsu

Duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasar nan ya san malamin da kan tsaya a bakin ƙofa da sassafe, tsumagiya a hannu, yana duban yara ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba hula, wancan silifa ya sa, waccan kuma rigarta ba launin makaranta ba ce. Yara kan ɗauka shi ya ƙago dokar don mugunta kawai. Amma idan aka bi tarihi za a tarar dokar tufafi daga sama take saukowa, kowane zamani da irin tasa, shi kuwa malami nasa tsaron ƙofa ne da kwasar baƙin jini.

Zamanin Turawa

Lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ba a tilasta wa yara kayan Turawa ba. Manufar masu mulki a lokacin ita ce kada yaron Arewa ya fito daga makaranta ya zama baƙo a gidan ubansa, kada kuma sarakuna da iyaye su tsorata su ce za a mayar musu da 'ya'ya Nasara. Haka aka ci gaba a Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Wanda ya duba tsofaffin hotunan kwalejin, inda su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, zai ga samari cikin riguna irin namu na gida. Ba wai Bature ya yi haka don ƙaunar babbar riga ba ne. Siyasa ce: yana son ma'aikacin da zai iya rubutun boko amma ya ci gaba da durƙusa wa sarki.

Da aka kafa makarantun midil wajen 1930, sai En'e ta ɗauki nauyin ɗalibai: ita ke ba da abinci, da tufafi, da sabulu. Wannan ya sauƙaƙa wa malamin wancan zamani aiki ƙwarai. Tun da hukuma ce ta ba yaro riga, idan ya fito da ita da dauɗa malami na da bakin tambayarsa. Amma ko a lokacin, idan hukuma ta gaza, rigima kan ɓarke. Marubucin tarihin Malam Aminu Kano, wato Alan Feinstein, ya kawo labarin boren ɗalibai da Aminu ya jagoranta yana Midil ta Kano a shekarun 1930, kuma cikin abubuwan da suka yi kuka da su har da ƙarancin sabulu da tsananin dokoki. To, ai ka ji. Ba a cewa yaro ya fito tsaf alhali an hana shi abin wanki.

Makarantun 'yan mata kuwa, da aka fara su a Kano da Katsina a 1930, a inuwar gidajen sarakuna aka buɗe su, don kuwa ba uban da zai yarda a fitar masa da 'ya a canza mata sutura.

Kaki Da Gajeren Wando

Sannu a hankali kayan kaki da gajeren wando suka shiga makarantun maza da dama, 'yan mata kuma aka ɗinka musu gajeruwar riga da ɗankwali. Nan ne malami ya fara shiga tsaka mai wuya. Shi kansa ya karanta a makarantar allo da ta ilmi cewa al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, ga shi kuma an ce ya kori duk yaron da ya zo da dogon wando. Iyaye da yawa sun ɗauki gajeren wandon nan a matsayin babbar shaidar cewa boko tana raba yaro da kunya. Malamin ƙauye shi ke zuwa gaban dagaci da liman yana ba da haƙuri a kan dokar da ba a yi shawara da shi ba wajen tsara ta.

Daga 1976 Zuwa Tsadar Yadi

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi ambaliya, azuzuwa suka cika, har ana karatu a gindin bishiya. Ɗan manomi da ɗan attajiri suka zauna a benci ɗaya, kuma a nan ne amfanin yunifom ya fito fili, domin yana rufe asirin marar shi. Sai dai yanzu, a mafi yawan makarantun jeka-ka-dawo, uba ne zai sayi yadi ya biya tela.

A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta kawo yaƙi da rashin ɗa'a, sai tsanani ya ƙaru a bakin ƙofa: tsallen kwaɗo, da durƙuso a rana, da yankan ciyawa, da almakashin da ake sa wa sumar da ta yi yawa. Shekara biyu bayan haka, a 1986, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kuɗin yadi ya yi sama. Masaƙun Kaduna da suka daɗe suna tufatar da Arewa suka fara tangal-tangal, har Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Tun daga nan aikin malamin ladabtarwa ya zama na alƙali. Yara biyu ne gabansa ba hula. Ɗaya ya cusa tasa a aljihu don ya nuna wa abokai ya isa, ɗaya kuwa hula guda suke karɓa-karɓa da wansa. Doka ba ta bambanta su ba, bulala ma haka. Malamin da ya san unguwa, ya san wane ne maraya, shi kaɗai ke iya rabewa. Malamai nawa ne suka sa hannu a ɗan albashinsu, wanda ba ya ma zuwa a kan kari, suka ɗinka wa ɗan wani riga a ɓoye? Ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

Zancen Hijabi

Daga ƙarshen shekarun 1970, da bunƙasar makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin wa'azi, hijabi ya fara yaɗuwa a Arewa, ya shiga makarantun boko, gajeruwar riga ta koma riga da wando, maza ma a wurare da yawa suka koma dogon wando da hula. A 2003 gwamnatin Jihar Kano ta ba da umarnin ɗalibai mata su riƙa sa hijabi a makarantunta.

A Kudu maso Yamma kuwa akasin haka aka gani. A Jihar Legas an kai ƙarar gwamnati a kan hana ɗalibai Musulmi sa hijabi a makarantunta. Babbar Kotun jihar ta goyi bayan hanin a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci a 2016, sannan Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗaliban haƙƙinsu a watan Yuni na 2022. A Ilori ta Jihar Kwara, sai da gwamnati ta rufe makarantu 10 a 2021 saboda wannan taƙaddama.

Mai karatu ya dubi wannan al'amari da idon malami. A ƙasa ɗaya, a shekaru guda, malami a Kano yana mayar da yarinya gida don ba ta sa hijabi ba, takwaransa a Legas yana mayar da wata don ta sa. Kowannensu takardar ma'aikatar ilmi yake bi. Shekara takwas aka yi ana kai-komo tsakanin kotuna, amma a duk safiyar waɗannan shekaru ba alƙali ko kwamishina ne ke fuskantar fusatattun iyaye ba.

Kammalawa

Ba ana cewa a yi watsi da yunifom ba ne, ko a wanke duk malamin da ya wuce gona da iri. Akwai waɗanda suka kunyata yara a gaban jama'a har suka sa su gudun makaranta, kuma wannan zalunci ne ko da sunan doka aka yi shi. Abin da tarihi ya nuna shi ne, dokar tufafi takan zauna lafiya idan wanda ya kafa ta ya yi shawara da iyaye da malamai, ya kuma tanadi yadda talaka zai iya bin ta. Idan aka rasa waɗannan biyu, sai a bar jaki a koma dukan taiki. Yaron da aka kora don hula ya rasa darasin ranar, kuma sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa bukatarsa.