Iskar Kabon Dayoksaid Da Abin Da Yawanta Ke Yi Wa Duniya

Ranar 19 ga watan Yuli na shekarar 2022 ina nan Ingila, kuma a ranar na ga abin da ban taɓa zaton gani a ƙasar nan ba. Zafi ya kai digiri 40.3 a ma'aunin Salshiyos a wani gari da ake kira Coningsby, karo na farko ke nan da zafin Birtaniya ya haura 40 tun da aka fara ajiye lissafi. Na san wanda ya tashi a Sakkwato ko Yamai zai yi dariya, ya ce ai wannan watan Afrilu ne kawai. To amma gidajen nan an gina su ne don su riƙe ɗumi, yawancinsu ko fanka babu. An dakatar da jiragen ƙasa da dama saboda dogo yana lanƙwashewa, gobara kuma ta ci gidaje a gabashin Landan. Ni kaina a ƙasan falo na kwana da jiƙaƙƙen tawul. Tun daga lokacin 'yan uwa suke tambayata a wajen taro, wai mece ce wannan iska da ake ta ɗora wa laifi? Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta bayanin a wuri ɗaya.

Da farko dai, kabon dayoksaid iska ce da ba ta da launi, ba ta da wari. Ita muke fitarwa idan muka yi numfashi, kuma ita tsirrai ke shaƙa su haɗa da ruwa da hasken rana su yi abincinsu. A kula, ba ita ba ce iskar da ke kashe mutane idan suka kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki, waccan kabon monoksaid ce. Haka kuma ba ita ta huda rufin ozon ba, wannan wata matsala ce daban da aka yi wa yarjejeniya a Montreal a 1987. Na sha jin ana cakuɗa ukun nan.

Aikinta a sararin sama kamar na bargo ne. Hasken rana yana ratsowa ya gasa ƙasa da teku, su kuma su mayar da zafin sama, sai wannan iska tare da tururin ruwa su tare wani kaso su dawo da shi. Ba don haka ba, da matsakaicin yanayin duniya ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifili, wato da ƙanƙara ta rufe ko'ina. Saboda haka bargon alheri ne, matsalar ita ce kaurin da muke ƙara masa. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wata Ba'amurkiya mai suna Eunice Foote ta gwada shi da kwalabe a rana a 1856, John Tyndall ya tabbatar da shi a Landan a 1859, sannan a 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya yi lissafin yadda ƙaruwar iskar za ta ɗumama duniya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar adadin. Kafin zuwan masana'antu, idan aka raba iskar duniya gida miliyan ɗaya, wajen 280 ne kawai kabon dayoksaid. Kamar a ce ka ƙirga ƙwayar gero miliyan ɗaya ka tsinci tsakuwa 280 a ciki. A 1958 wani masani, Charles David Keeling, ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai, nesa da hayaƙin birane, ya samu wajen 315. A watan Mayu na 2013 ta taɓa 400, a 2024 kuma ta haura 420. Masanan da suka haƙo tsohuwar ƙanƙara a Antatika, suka auna kumfar iskar da ta maƙale a ciki, sun gano cewa a cikin shekaru 800,000 da suka wuce ba ta taɓa wuce 300 ba sai a zamaninmu. Daga ina ƙarin ya fito? Daga ƙona kwal da man fetur da iskar gas, da yin siminti, da sare dazuzzuka. Litar fetur ɗaya tana fitar da kimanin kilo 2.3 na wannan iska, duniya kuma ta fitar da kimanin tan biliyan 37 a shekarar 2023 daga makamashi da masana'antu. Kusan rabin wannan ne ke zama a sama, sauran teku da itatuwa su shanye. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 ba.

Sakamako na farko shi ne zafi. Hukumar Kula Da Yanayi Ta Duniya ta ce shekarar 2024 ta fi zamanin da ba a fara masana'antu sosai ba ɗumi da wajen digiri 1.55, alhali yarjejeniyar Faris ta 2015 ta yi fatan kada a wuce 1.5 a tsawon lokaci. Digiri ɗaya da rabi kamar ba komai ba ne, amma matsakaici ne na duniya baki ɗaya, dare da rana, rani da damina. Idan matsakaici ya ɗan matsa, ranakun tsananin zafi su ne ke yawaita. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum fiye da 1,300 ne suka rasu. Bugu da ƙari, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara ɗumi, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin 100, shi ya sa ƙasa ke saurin bushewa, idan ruwan ya tashi sauka kuma ya zo kamar da bakin ƙwarya.

Amma ni a ganina teku ce ta fi shan wahala, duk da ba a cika maganarta ba. Ita ta shanye kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin. Ruwa idan ya yi ɗumi yana kumbura, ga kuma ƙanƙarar Girinlan da Antatika da ta manyan duwatsu tana narkewa tana kwararowa, wanda hakan ya sa teku ta tashi da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Ƙasashe irin su Bangaladash da ƙananan tsibirai kamar Tuvalu, inda ƙasa ba ta da tudu, su ne ruwan gishiri ke shiga gonakinsu da rijiyoyinsu. Sannan akwai illar da ba ruwanta da zafi. Idan kabon dayoksaid ta narke a ruwa, tsami take sa shi, irin ɗan cizon da ake ji a lemun kwalba. Tsamin saman teku ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, kuma wannan yana hana halittu masu ɓawo, kamar kawa da murjani, gina jikinsu yadda ya kamata. Murjani kuwa shi ne gidan da ƙananan kifaye ke girma. Babban shingen murjani na Ostireliya ya yi ta koɗewa saboda ɗumin ruwa a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Dubi yadda tazarar ke raguwa.

Wani ɗan uwa ya taɓa ce min, tunda tsirrai abincinsu ne, ai manoma kakarsu ta yanke saƙa. Akwai ƙanshin gaskiya a maganarsa, domin alkama da shinkafa suna ƙara yabanya idan iskar ta yawaita, muddin akwai ruwa da taki. Sai dai gwaje-gwaje a gonaki sun nuna ƙwayarsu tana rage sinadarin gina jiki da ƙarfe da zinki. Su kuwa gero da dawa da masara, tsarin ganyensu daban ne, ba su cika amfana da ƙarin ba, amma zafin da ya biyo baya yana samunsu.

Ya kamata in yi gargaɗi a nan, kada a riƙa ɗora wa iskar nan komai. Ana yawan kawo misalin Tafkin Chadi, wanda ya ƙafe ƙwarai bayan shekarun 1960. Babban dalilin shi ne farin shekarun 1970 da 1980, kuma ruwan ya ɗan dawo daga baya. Haka ambaliyar da ke cin unguwannin da aka toshe magudanansu da leda, ruwan sama yana da nasa kaso, mu ma muna da namu.

Abu na ƙarshe da ya bambanta ta da hayaƙi ko ƙurar hunturu shi ne ba ta wucewa da wuri. Ƙura ruwan farko ke kwantar da ita, ita kuwa wani kasonta yana zama a sama ɗaruruwan shekaru, wani ma dubbai. A 2020, lokacin annobar korona, da aka ajiye jirage da motoci, abin da duniya ta fitar ya ragu da wajen kashi 5 cikin 100, amma duk da haka ma'aunin Mauna Loa a shekarar sama ya ƙara yi.