Mishmish: Tarihin Tsoka da Ƙwallo

Wanda ya taɓa zuwa aikin hajji, ko ya sha ruwan azumi a gidan wani mutumin Sham ko Masar, mai yiwuwa ya gamu da wani busasshen ɗan itace mai launin ruwan goro, mai laushi kamar dabino, ga zaƙi ga ɗan tsami. Larabawa suna kiransa mishmish, Faransawa kuma abricot. Ba shi da suna a Hausa, domin itacensa ba ya fure yadda ya kamata sai ya sha sanyin hunturu mai tsanani na tsawon makonni, irin wanda gonakin Maraɗi da Damagaram ba su sani ba. Duk da haka tarihinsa ya shafe mu, saboda gubar da ke cikin ƙwallonsa tana nan cikin rogonmu da dawarmu, kuma ƙaryar da aka gina a kanta ba ta mutu ba.

Asalin itacen yana tsakiyar Asiya, inda har yau ake samun kurminsa na daji a gangaren duwatsun Tiyan Shan. Sinawa sun daɗe da nomansa. Suna da labarin wani likita na ƙarni na 3 mai suna Dong Feng, wanda aka ce ba ya karɓar kuɗin magani, sai dai ya sa wanda ya warke ya dasa itacen mishmish, har wurin ya zama kurmi. Mutanen Rum kuwa sun same shi ta hanyar gabas, suka ɗauka daga Armeniya ya fito, kuma wannan zaton ne masani Linnaeus ya ɗora a kan sunan kimiyya da ya ba shi a 1753, Prunus armeniaca.

Sunan ma ya yi nasa fatauci. Da Latin an kira shi praecoquum, wato mai nuna da wuri. Girkawa suka ari kalmar, Larabawa suka karɓe ta daga hannunsu ta zama al-barƙuƙ, ta ƙetara zuwa Andalus ta zama albaricoque a bakin mutanen Sifen, daga nan ta isa Faransa. Ita kuwa kalmar barƙuƙ, a Larabcin yau wani ɗan itacen daban take nufi. Saurin nunar nan da gajeren lokacinsa ne suka sa idan Bamasare ya yi maka alkawari ya ce sai lokacin mishmish, to ka fid da rai.

Ibn Battuta, wanda ya ratso Takedda a ƙasar Ayar a 1353, ya riga ya zaga Anatoliya wajen shekara ashirin kafin nan. A Antaliya da Konya ya ga wani irin mishmish da ake kira ƙamaruddin. Ya ce ana busar da shi a kai Masar, kuma ya lura cewa ƙwayar da ke cikin ƙwallonsa mai zaƙi ce. Mai karatu ya riƙe wannan magana, domin matafiyi ba ya ambaton zaƙin ƙwaya sai idan ya san cewa akasarinta ɗaci gare ta.

Abin da ke cikin tsokar ba boyayye ba ne. A giram 100 na ɗanyen mishmish, wajen giram 86 ruwa ne, ƙarfin abincinsa bai wuce kalori 48 ba, yana da miligiram 10 na bitamin C da wajen miligiram 260 na sinadarin potasiyom. Idan aka busar da shi, ruwan ya tafi, sauran ya taru: kalori ya kai 240, potasiyom ya haura miligiram 1100, ga ƙarfen jini kusan miligiram 3. Manoman Malatya ta ƙasar Turkiyya, waɗanda suka fi kowa suna a wannan sana'a, suna turara shi da hayaƙin farar wuta kafin shanya don launin ya tsaya. Wanda ba a turara ba yakan yi duhu kamar dabino.

Launin shi ne babbar dukiyarsa. Sinadarin da ke ba shi ruwan goron nan shi ne karotin, wanda Bajamushe Wackenroder ya fara cirowa daga karas a 1831. Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin Thomas Moore na Ingila ya nuna, a 1930, cewa jiki yana juya karotin ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, har da makanta ga yara. A nan ba mu da abin yi wa mutanen Malatya hassada: mangwaro da karas da manja da ganyen zogale duk suna ɗauke da shi, kuma a kasuwar Tawa sun fi mishmish araha nesa ba kusa ba.

Ƙwallon ne ke da dogon labari. Idan aka fasa shi akwai ƙwaya a ciki mai kama da ta luz, wato almon. A 1830 Faransawa biyu masu ilimin haɗa magunguna, Robiquet da Boutron-Charlard, suka ciro wani farin gari daga luz mai ɗaci, suka sa masa suna amigdalin. Shi ne kuma yake cikin ƙwayar mishmish. A 1837 Jamusawa Liebig da Wöhler suka gano yadda yake aiki. A cikin ƙwayar akwai wani sinadari na biyu, emulsin, wanda yake zaune a nasa ɗaki. Muddin ƙwayar tana nan lafiya ba sa haɗuwa. Da zarar an tauna ko an daka, ruwa ya shiga, sai emulsin ya farfasa amigdalin gida uku: sukari, da wani mai mai ƙamshi, da gubar sayanid. Giram ɗaya na amigdalin yana iya fitar da miligiram 59 na wannan guba, wadda ke hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar da mutum ya shaƙa, sai ya shaƙe alhali huhunsa cike yake. Dabara ce ta itacen don kare zuriyarsa: tsoka ga mai ci, ƙwallo kuma a yar da shi ya tsira.

Makiyayi bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san gyauron dawa, musamman wanda fari ya dafa, yana iya kayar da saniya cikin ɗan lokaci. Dalilin ɗaya ne. A 1902 Turawan Ingila Dunstan da Henry suka ciro sinadarin da ke cikinsa, suka kira shi durin, daga zura, sunan dawa da Larabci. Rogo mai ɗaci ma haka yake, shi ya sa ake ɓare shi, a jiƙa, a matse, a shanya ko a soya. Inda yunwa ta sa aka gajarta wannan aiki, kamar yadda ya faru a arewacin Mozambik lokacin farin 1981, cutar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo takan ɓulla. Masu maganin gargajiya na Sin, da suke ba da ƙwayar mishmish don tari, su ma sukan tafasa ta tukuna, kuma kaɗan suke bayarwa.

Ke nan tun tsakiyar ƙarni na 19 an san abin da ke cikin ƙwallon, an rubuta shi, an koyar da shi. Abin mamaki shi ne yadda aka juya wannan sani a ƙasar da ta fi kowa ɗakunan bincike. A farkon shekarun 1950, a birnin San Faransisko na Amurka, wani likita mai suna Ernst Krebs da ɗansa, wanda bai gama karatun likita ba, suka fara tallar wani magani da suka kira Laetrile, wanda ake yi daga ƙwayar mishmish. Suka ce gubar tana neman ƙwayoyin sankara ne kaɗai ta kashe, ta bar masu lafiya. Da hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa saboda rashin hujja, sai ɗan ya sake wa abin riga. Ya ce ai ba magani ba ne, bitamin ne, ya raɗa masa suna B17, ya ce sankara ciwon rashinsa ce.

Dole a yarda cewa dabarar ta yi kaifi. Tun da Casimir Funk ya ƙirƙiro kalmar bitamin a 1912, mutane sun ga cututtuka masu kisa sun warke da ɗan canjin abinci, don haka kalmar tana da kwarjini. Ga shi kuma dokar sayar da bitamin ta fi ta magani sassauci. Aka haɗa da labarin mutanen kwarin Hunza na arewacin Pakistan, masu yawan cin mishmish, wai suna wuce shekara ɗari ba sa sankara, alhali ba su da rajistar haihuwa da za a auna shekarun, kuma John Clark, wanda ya zauna cikinsu yana ba da magani, ya rubuta a 1956 cewa cututtuka sun yi musu yawa. Bitamin na gaskiya shi ne wanda jiki ke rashin lafiya idan ya rasa shi. Babu wanda ya taɓa kwanciya don bai ci amigdalin ba.

A shekarun 1970 maganar ta zama ta siyasa. Jihohi fiye da ashirin suka halatta shi, masu ciwo suka dinga ƙetara iyaka zuwa asibitocin Tijuana ta Meziko. Ban ga laifinsu ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. A 1979 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa ko mai ciwon ajali yana da hakkin doka ta kare shi daga maganin da ba a tabbatar ba. Steve McQueen, wanda masu kallon fina-finan kaboyi za su tuna, ya je Meziko ya sha wannan magani tare da wasu, ya rasu a can cikin Nuwamba 1980.

Daga ƙarshe cibiyar binciken sankara ta ƙasar ta ɗauki nauyin gwaji, a ƙarƙashin likita Charles Moertel na asibitin Mayo. An ba masu ciwo 178 maganin tare da abincin da masu tallarsa suka tsara. Sakamakon ya fito a 1982: babu wanda ya warke, ciwon bai tsaya ba, rabinsu sun rasu kafin cikar wata biyar, kuma an sami wasu da sayanid a jininsu kusa da adadin da ke kisa.

Yau tallar ta koma intanet da saƙonnin waya, inda ake sayar da ƙwayar ko garinta da sunan B17, kuma saƙon waya bai san iyakar ƙasa ba. Ostareliya ta hana sayar da ɗanyar ƙwayar a 2015. A 2016 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta auna ta ce babban mutum da ya ci fiye da ƙananan ƙwayoyi uku a zama ɗaya ya wuce iyakar aminci, yaro ƙarami kuwa ko guda ɗaya ta yi masa yawa. Tsokar ba ta shiga wannan hukunci ba, kuma a Dimashƙa har yanzu ana jiƙa ƙamaruddin da la'asar don shan ruwa.