Naɗin Nissen: daga yanka zuwa huda

Ba kowane tumbuɗi ne ke kawo yaro ɗakin tiyata ba. Yawancin jarirai kan daina shi da kansu kafin su cika shekara. Waɗanda ke zuwa hannunmu su ne masu ƙwarewa da abinci har ya gangara huhu, masu ramewa duk da magani, kuma da yawansu yara ne masu lalurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa, waɗanda ko haɗiya ma aiki ce a gare su.

Aikin da muke yi musu na Rudolf Nissen ne, likitan Jamus da ya yi gudun hijira zuwa Istanbul a 1933, daga baya ya zauna a Basel ta Switzaland. A can ya bayyana dabarar a 1956: a jawo saman tumbi a naɗe shi zagaye da ƙarshen bututun abinci kamar wuyan riga, a ɗinke, don abin da ya sauka kada ya dawo. A 1963 André Toupet na Faransa ya kawo naɗin da bai rufe zagaye ba. A wancan lokaci dukkansu da yankan ciki ake yi.

A 1991 Bernard Dallemagne ya yi wa manya wannan naɗi a Beljiyam ta ƙananan huda, da kyamara. Zuwa 1993 Thom Lobe da Keith Georgeson sun ba da rahoton yin sa ga yara a Amurka. Nan take fagen ya ɗauka. Huda biyar, kowace ba ta wuce kan yatsa ba. Yaro ya ci abinci da wuri, ya koma gida cikin kwanaki kaɗan. Steven Rothenberg na Denver kaɗai ya tara fiye da yara dubu cikin shekara goma.

Sai dai warkewar tabo daban, ɗorewar naɗi daban. Bayan shekara ɗaya ko biyu wasu yaran kan dawo da amai. A sa musu ruwan hoto su sha, a ga naɗin ya zame ta ramin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ya haye sama. Babban mai jawo haka kakarin amai ne: kowane yunƙuri yana tura naɗin har ɗinki ya saki.

Kyamara ta ba mu ganin wurin ƙarara, hannu kuma ya saba da yawan ɓantare naman da ke riƙe da bututun don a samu tsawo. Gwajin da Shawn St. Peter ya jagoranta, wanda ya fito a 2011, ya nuna illar hakan: naɗin ya zame ga kusan kashi 30 cikin 100 na yaran da aka ɓantare wa wurin sosai, amma bai kai kashi 10 ba ga waɗanda aka bar wa shi yadda yake. Tun daga nan likitoci da dama suka rage hannu.

Kwatanta huda da yanka kuwa bai ba da amsa ɗaya ba. Gwajin asibitin Great Ormond Street na Landan ya ga dawowar cutar kusan daidai bayan shekara huɗu, da ƙarancin kakari ga masu huda. Na Norwe, a 2015, ya ga cutar ta dawo wa kashi 37 na masu huda, kashi 7 na masu yanka. Yaran ba su da yawa a kowane gwaji, kuma har yau ana gardama a kai.

Shi ya sa yanzu tambayar farko ita ce ko yaron na bukatar naɗin ma. Magungunan rage tsamin ciki irin su omeprazole, da robar ciyarwa mai zarcewa har hanji, sun isar wa da dama. Wanda kuma aka yi wa aikin, muna gaya wa iyayensa tun farko cewa ranar sallama ba ita ce ranar hukunci ba: za a ci gaba da duba shi shekara da shekaru, kuma mai yiwuwa ne a sake shiga.