Saniya da Giwa a Ɗab'in Andy Warhol

Salon zanen da ake kira Pop Art, wato zanen da ke ɗauko hotunansa daga tallace-tallace da jaridu da kayan kanti, ya bunƙasa a Ingila da Amurka tun daga tsakiyar shekarun 1950, lokacin da masana'antu suka cika kasuwa da haja kuma talabijin ta shiga gidaje. Fitaccen jagoransa a Amurka shi ne Andy Warhol, haifaffen Pittsburgh a 1928, wanda ya shafe shekaru yana zana takalma da sauran kayan sayarwa ga masu talla a New York. A 1962 ya rungumi ɗab'in siliki, inda ake ɗaure yadi mai ƙananan kofofi a jikin katako, a toshe wuraren da ba a son launi ya ratsa, sannan a ja tawada da faifan roba ta sauka kan takarda, kamar yadda masu buga riguna ke yi har yau. Dabara ce ta masu fastoci da tambarin kaya, amfaninta kuwa shi ne maimaita hoto guda sau ɗaruruwa.

A 1966, a zauren nunin Leo Castelli, Warhol ya lulluɓe bangon ɗaki da takardar ado mai ɗauke da kan saniya, ruwan hoda a kan rawaya, an jera shi daga ƙasa har rufi. Saniya ta daɗe a zanen Turawa tana wakiltar karkara da kwanciyar hankalin makiyaya, amma a nan an raba ta da ciyawa da garke, ta koma tambari mai maimaituwa kamar gwangwanayen miyar Campbell's talatin da biyu da ya zana shekara huɗu kafin nan.

Aikin da ya fi nauyi ya zo a 1983, sa'ad da dillalan zane Ronald da Frayda Feldman suka nemi ya buga hotuna goma na dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ciki har da giwar Afirka da baƙar karkanda da panda da jakin dawa na Grevy da mikiyar Amurka, kowanne kwafi 150. Ya yi musu irin kwalliyar da ya yi wa fuskar tauraruwar fim Marilyn Monroe, da launuka masu ɗaukar ido. Sai dai akwai abin damuwa a cikin wannan aiki, domin ƙarancin da ke ɗaga farashin kwafi mai lamba shi ne kuma ke ɗaga farashin haure da ƙahon karkanda a hannun 'yan fasa-ƙwauri. Ya ba ƙungiyoyin kare namun daji wasu daga cikin kwafin, kuma a 1986 ya sake komawa kan batun a littafin Vanishing Animals, tare da likita Kurt Benirschke na gidan namun daji na San Diego, kafin rasuwarsa a Fabrairun 1987.